Madawaki Torgai a Zoben Ƙanƙara

A zamanin Sarauniya Imzara, ta arba'in da ɗaya cikin waɗanda suka hau gadon Kelwai, daular tana riƙe da duniyoyi tara, dukansu suna kewaya wata jar rana mai suna Damsu. Mutanen Kelwai ba irinmu ba ne. Tsawon ɗayansu ya kai na mutum biyu, fatarsu ruwan toka ce, kuma kowannensu ana haihuwarsa da zane uku a goshi masu ba da haske. In zuciyar mutum a kwance take, zanensa fari ne. In ransa ya ɓaci sai ya yi ja, in baƙin ciki ya kama shi kuwa sai ya yi shuɗi kamar an tsoma shi a marina. Babban birninsu, Sorai, ba a ƙasa yake ba. A rataye yake bisa wani tekun gajimare da ba wanda ya taɓa ganin gindinsa, kuma masu tarihi sun ce wanda ya tsaya bisa ganuwar da hantsi sai ya ji kamar birnin yana tafiya da shi a hankali zuwa wani wuri da bai sani ba.

Akwai wasu halittu da ake kira zulmai, manya kamar rumfunan kasuwa, marasa nauyi, masu kiwo a kan hasken rana. Kowace shekara sukan ratsa ta saman Sorai garke-garke, su nufi wajen Damsu. A shekara ta sittin da hawan Imzara sun zo kamar kullum, inuwarsu ta lulluɓe soraye, mutane suka fito kallo. Sai dai da suka zo tsakiyar birnin sai suka tsaya cik, suka yi shawagi yini guda ba motsi, sannan suka juya wa ranar baya suka shige cikin duhun sararin samaniya. Ba a yi kiɗa a birnin ba ranar nan.

Kwana uku bayan haka jakada ya sauka daga Dumbel, duniya ta tara, wadda ƙanen Sarauniya, Yarima Baskar, yake riƙe da ita. A wancan zamani murya ba ta iya ƙetare tsakanin duniya da duniya, domin iskar Damsu takan watsa ta a hanya, sai dai a aiki jakada a jirgi. Kuma kowane jakada, ta ƙofar Waziri yake shiga kafin ya ga Sarauniya.

Aka buga tambari, majalisa ta cika. Sarauniya tana zaune bisa karaga ta farin dutse, ta jingina kanta da hannu, idonta na kan taga inda gajimare ke wucewa. Waziri Shelkun ne ya fara tashi. Mutum ne mai taushin murya, wanda yakan saukar da rawaninsa har bisa gira, don haka ba a cika ganin launin goshinsa ba.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, Uwar Duniyoyi Tara, mai Sorai da abin da ke ƙarƙashinta. Sau uku aka kira Yarima Baskar ya zo gabanki, sau uku ya ƙi. Yanzu ga jakada ya zo da labarin cewa ya tare manyan jiragen dako arba'in na daula ya ɓoye su, talakawa kuma suna kwarara zuwa gare shi daga duniyoyi uku. Wanda ya tara jirage, ya tara mutane, me ya rage masa in ba ya taho ya nemi wannan karagar ba? Zulmai ma sun gaya mana. Sun juya wa birnin baya ne domin an ci amanarsa."

Sai wata tsohuwa ta dogara sanda ta miƙe. Ita ce Ulmai, Magajiyar Taurari, wadda aikinta shi ne auna hasken rana daga hasumiyar gabas.

Ta ce, "Mahalicci ya ja zamaninki. Zulmai ba su san amana ba, ba su san cin amana ba, haske kawai suke bi. Shekara ɗari da hamsin ke nan ina duban Damsu kowace safiya, na san fuskarta fiye da yadda na san ta 'ya'yana. Tana sanyi, ranki ya daɗe. Ba birninki suka juya wa baya ba, ranarki suka juya wa."

Majalisa ta ɗauki guna-guni. Waziri ya yi murmushi ya ce, "Muna girmama Magajiya da shekarunta. Amma na sa masu awo goma sha biyu, masu ƙuruciyar ido, sun duba, ba su ga komai ba. Wataƙila hasken da ya ragu, a idon mai dubawa ya ragu."

Sarauniya ta ɗago kai a hankali, kamar wadda aka tasa daga mafarki. Ta dubi wani dattijo mai faɗin kafaɗa da ke zaune a damanta. Shi ne Torgai, Madawakin Kelwai, shugaban jiragen yaƙin daula. Uwarsa ce ta shayar da Yarima Baskar, a ɗaki ɗaya suka girma.

Ta ce, "Madawaki, kai ka san shi fiye da ni. Ƙanena zai ɗaga mini makami?"

Torgai ya ce, "Ranki ya daɗe, Baskar da na sani ba zai yi ba. Amma rabona da shi shekara ashirin, kuma ban san abin da sanyin Dumbel ke yi wa zuciya ba. In kin aike ni, zan je. Roƙona ɗaya ne, a bar ni in yi magana da shi kafin a yi harbi."

Waziri ya ce, "Magana mai kyau. Sai dai maganar da jirgi ɗari uku ke bayanta ta fi shiga kunne. A tafi da rundunar duka. Ɗan 'yar'uwata, Barde Nuzan, zai riƙe wa Madawaki ɓangaren hagu."

Zanen goshin Sarauniya ya yi shuɗi, kowa ya gani, kowa ya sunkuyar da kai. Daga bisani ta ce, "Ka tafi, Madawaki. Ka kawo mini shi da ransa. Ina so in ji daga bakinsa."

Kwana arba'in runduna ta yi a hanya. A can sararin babu safiya babu maraice, sai kwanakin da masu tambari ke ƙidaya wa mutane. Jiragen suna tafiya a jere shiru, filafilansu na azurfa a buɗe suna shan hasken Damsu, ita kuma tana ƙara ƙanƙancewa a bayansu har ta koma kamar garwashi guda a cikin toka. Suka wuce duniya ta biyar mai koren teku, suka wuce ta bakwai wadda duwatsunta ke fitar da hayaƙi ruwan zuma. Torgai yakan tsaya a tagar jirginsa yana kallo, tunaninsa ya tafi can baya, lokacin da shi da Baskar suke zama bisa ganuwar Sorai suna lilo da ƙafafu a kan gajimare, Baskar yana jefa 'yan duwatsu ƙasa yana kasa kunne wai zai ji faɗuwarsu. Bai taɓa ji ba, bai kuma taɓa dainawa ba, kullum cewa yake dutsen bai kai ba tukuna.

Wani abu kuma ya dami Madawaki a hanya. Masu kula da filafilai sun zo sun gaya masa cewa jiragen ba sa samun ƙarfin da suka saba samu a wannan nisa. Ya ji, ya sallame su, bai gaya wa kowa ba.

Ranar arba'in suka hango Dumbel, fara fat, da zoben ƙanƙara kewaye da ita, da wani ƙaton wata baƙi a gefenta. Zoben nan ba abu ɗaya ba ne, dubban duwatsun ƙanƙara ne, wasu kamar tulu, wasu kamar unguwa guda, suna juyawa a hankali suna walƙiya ja da fari. A tsakaninsu jiragen Yarima suke, ƙanana, ba su fi sittin ba.

Wani ɗan jirgi ya fito daga cikinsu shi kaɗai, da farar fitila a goshinsa, alamar neman magana. Torgai ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Ya ba da umarni a buɗe masa hanya. Bai rufe baki ba sai ga mashin wuta ya taso daga ɓangaren hagu, ya ratsa sarari, ya sami ɗan jirgin a tsakiya. Ya tarwatse ba ƙara, gutsattsarinsa suka bazu suna ƙyalli.

Torgai ya daka tsawa a madubin magana, wanda jirage na kusa ke ganin juna da shi. "Barde! Wa ya ba ka izini?"

Fuskar Nuzan ta bayyana a madubin. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na ga kamar makami yake ɗauke da shi."

Kafin Madawaki ya amsa, mutanen Dumbel sun mayar da martani, yaƙi ya kaure.

Waɗanda suka ga yaƙin nan sun ce ba su taɓa ganin abu mai kyau da ban tsoro kamarsa ba. Babu ihu, babu ƙarar makami, domin sarari ba ya ɗaukar sauti. Masun wuta suna giftawa, in ɗaya ya sami dutsen ƙanƙara sai ya narke ya zama hazo, hazon ya daskare nan take ya koma ƙura mai walƙiya, jirage su yi ta iyo a cikinta kamar kifaye. Jirgi yakan kama da wuta, ya yi ta juyawa a hankali da mutanensa a ciki har ya ɓace a bayan ƙanƙara. Ƙananan jiragen Yarima sun san zoben kamar tafin hannunsu. Su fito su yi harbi, su shige lungu, manyan jiragen daula su bi su, su maƙale.

Torgai ya tsaya yana duban yadda abin ke gudana, sai ya lura da wani abu. Mutanen Dumbel ba neman nasara suke yi ba. Duk sanda suka ja da baya, gefe ɗaya suke ja, nesa da baƙin watan nan. Ya gane janye shi ake yi daga wani abu. Ya bar Nuzan da bin su, shi kuma ya ɗebi jirgi tamanin ya yanke ta ƙarƙashin zoben ya nufi watan. Nan da nan wani jirgi mai tutar gidan sarauta ya fito daga ɓoye ya tare masa hanya, shi kaɗai a gaban tamanin. Aka harbe filafilansa biyu, ya tsaya yana lilo. Yaƙi ya ƙare ke nan.

Aka shigo da Yarima Baskar jirgin Madawaki da sarƙa a hannu, kamar yadda dokar yaƙi ta ce. Ya rame, gefen cikinsa a ɗaure da tsumma jini na tsattsafowa. Ya dubi Torgai ya yi ɗan murmushi.

Ya ce, "Yaya, ashe kai aka aiko. Da na sani da ban ɓata ƙanƙara ba."

Torgai ya ce, "Yarima, me ka ɓoye a bayan watan nan?"

"Ka matsa da jirginka kaɗan, ka gani da idonka."

Jirgin ya zagaya gefen watan. Ga su nan, manyan jiragen dako arba'in, a jere cikin inuwa, kowanne kamar gari. Torgai ya ɗauki mutum biyu ya shiga na farko. Ciki sanyi ne da wani haske mai laushi. Dogayen zauruka ne, hagu da dama an jera gadaje na gilashi hawa-hawa har rufi, a kowanne akwai mai barci. Manoma, masaƙa, mata da jarirai a ƙirji, tsofaffi da hannuwa a harɗe. Zanen goshinsu fari ne duka, yana haske yana dusashewa tare da numfashinsu, har zauren ya zama kamar wani abu guda mai rai yana numfashi. Ya yi ta tafiya a tsakaninsu bai san iyakar lokacin da ya ɗauka ba. A wani gado ya ga wata mata ta riƙe ɗan ƙunshin iri a hannu, ta damƙe shi ko a cikin barci.

Da ya komo, Baskar ya ce, "Mutum dubu ɗari huɗu ne. Akwai wata rana matashiya, tafiyar shekara saba'in daga nan. Damsu ba za ta ƙara shekara talatin tana ɗumama kowa ba, Yaya. A nan Dumbel muka fara ji, gonakinmu na ƙarƙashin rufi suka mutu. Sau uku na rubuta wa Imzara, jakaduna ba wanda ya dawo. Na huɗun ya tsere ya zo ya gaya mini abin da ya ji a gidan Waziri. Shelkun ya sani tun kafin ni. Jiragen nan yake so domin manyan gidajen Sorai da bayinsu da dukiyarsu. Kwana shida kawai nake nema in gama cika su da abinci su tashi. Shi ya sa na tsaya a gabanka."

Suna cikin haka aka ce Barde Nuzan yana madubi. Ya zagayo da jiragensa ta ɗaya gefen watan. Ya ɗaga wata takarda mai hatimin fada.

Ya ce, "Madawaki, ina da umarni a rufe, an ce in buɗe shi bayan nasara. A kwashe abin da ke cikin jiragen daula, a mayar da su Sorai ba kowa a ciki."

Torgai ya ce, "A kwashe a kai ina, Barde? Mutane ne."

"Takardar ba ta ce a kai su ko'ina ba, ranka ya daɗe."

Goshin Torgai ya yi ja har hasken ya haska madubin. Ya ce, "Wannan hatimin fada ne, amma ba muryar Imzara ba ce. Na yi mata hidima shekara sittin, na san abin da za ta iya faɗa." Ya juya ga matuƙinsa ya ce a kai jirgin tsakanin Barde da masu barci, a kashe makamai, a kunna dukkan fitilu. Sannan ya sa aka buɗe madubi ga kowane jirgi na runduna, ya ce, "Sarakunan jirage, ku dube ni. Wanda zai taɓa mutanen nan, ta kaina zai bi. Ba zan rama ba."

Yini biyu aka yi a haka. Nuzan ya ba da umarnin harbi sau biyu, ba hannun da ya motsa. Ba kuma wanda ya matso wajen Madawaki. Jirage ɗari biyu da wani abu suna rataye a sarari shiru, ƙurar ƙanƙara tana sauka a kansu a hankali.

A rana ta uku aka hango wani jirgin jakada yana tahowa da gudu daga wajen Damsu, filafilinsa ɗaya a yage. Ya nemi jirgin Madawaki. Da aka buɗe ƙofa, Magajiya Ulmai ce aka riƙo, ta rungume wani abu a cikin mayafi. Ta ce a buɗe madubi kowa ya ji.

Ta ce, "Kwana goma sha biyar da tafiyarku, Sarauniya ta hau hasumiyata da ƙafarta, ba rakiya. Ta ce in nuna mata yadda ake awo. Ta auna da hannunta, ta sake aunawa. Ta sauko ta ce a kamo Waziri. Amma runduna tana nan wajenku, dogaran fada kuwa tuni ya saye zukatansu. Suka rutsa ta a ɗakin karaga, ta kulle kanta a ciki. Kafin su fasa ƙofa ta miƙo mini wannan ta taga, ta ce in kai wa ƙanenta, in ce masa ta ji, ko da yake ba daga bakinsa ba. Washegari aka yi shela wai ta faɗa cikin gajimare. Shelkun yana kan karaga yanzu, ya kuma sa an kira sunanka a kasuwa, Madawaki, cewa kai ɗan tawaye ne, tun kafin ya san abin da za ka yi."

Ta buɗe mayafin. Wuƙar sarautar Kelwai ce, wadda ba mai riƙe ta sai mai mulki.

Baskar ya rufe ido, hawaye na bin fuskarsa. Torgai ya karɓi mabuɗi daga hannun mai gadi, ya kwance sarƙar da shi da kansa ya sa aka ɗaura, ya ɗora wuƙar bisa tafukan da sarƙar ta yi wa shaida. Sannan dattijon ya durƙusa, ya kai goshinsa ƙasa a gaban fursunansa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Kelwai."

Nuzan ya kashe madubinsa ya juya jirginsa. Ɗaya bayan ɗaya wasu suka bi shi. Ba don suna ƙaunarsa ba, matansu da 'ya'yansu suna Sorai a hannun Shelkun. Wasu sarakunan jiragen sai da suka buɗe madubi suka roƙi gafarar Madawaki kafin su tafi, ya ce musu su sauka lafiya. Da aka ƙidaya waɗanda suka tsaya, jirgi casa'in da huɗu ne.

Torgai ya ce, "Ranka ya daɗe, rauninka ba ƙarami ba ne. An bar gado ɗaya a jirgin farko. Ka shiga ka kwanta tare da mutanenka, ka farka a ƙarƙashin sabuwar rana ka mulke su. Ni zan tsare bayanku."

Sarki Baskar ya dafa kafaɗar Magajiya ya miƙe da ƙyar. Ya daɗe yana duban jiragen nan arba'in ta taga.

Ya ce, "A ba Magajiya gadon, za su buƙaci mai duba musu sabuwar ranar. Su tashi da zarar an gama loda abinci." Ya juyo ya dubi Torgai. "Mu kuwa, Yaya, akwai duniyoyi takwas a bayanmu da ba a gina musu jirgi ko ɗaya ba, kuma maƙeran duk suna Sorai. Ka juya rundunarka."

Torgai ya ce, "Casa'in da huɗu ne, ranka ya daɗe. Na Barde sun fi ɗari da hamsin, ga kuma ganuwar Sorai."

Sarki ya ce, "Na ji. A buga tambari."

Aka buga.